Akushi, ƙwarya da kwano: tarihin Kurfai a ɗakin uwargida

Garin Filinge yana cikin jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin kwarin Dallol Boso. Shi ne babban garin ƙasar Kurfai. Mai neman tarihin wannan ƙasa yakan nufi wuri biyu: bakin dattawa da maroƙa, ko kuwa takardun da Nasara suka bari a ma'ajiyar gwamnati a Yamai da Dakar da Faransa. Akwai wuri na uku da ba a cika leƙawa ba, wato ɗakin uwargida. Ƙwaryar da ke rataye a ragaya, da baƙin akushin da aka daina zuba tuwo a ciki, da kwanonin da aka jera bayan gado, kowanne yana da zamaninsa da hanyar da ya biyo ya shigo gidan. Takardun Nasara sun fi maganar haraji da sarauta da yaƙi. Waɗannan kaya kuwa maganar aure suke yi, da fatauci, da ci-rani, da shekarun yunwa, kuma mafi yawansu dukiyar mata ce.

Ƙasa da mutanenta

Kurfayawa Hausa suke yi, kuma labarin kaka da kakanni yana danganta asalinsu da ƙasar Adar. Zabarmawa na kiran su Sudiye. A kudu da su akwai Imanan, mai hedikwata a Bonkuku, da Tagazar, mai hedikwata a Baleyara, inda sarauta ke hannun zuriyar Abzinawa, sai Tondikandiya ta Zabarmawa. Filani makiyaya kuma suna ratsa kwarin da dabbobinsu. Faransawa sun kafa bariki a Filinge a farkon shekarun 1900, suka ɗora Gado Namalaya a kan sarautar kanton Kurfai.

Wannan cuɗanya ita ake gani a kayan cin abinci. A gida ɗaya ana iya samun ƙwaryar da Bafilatana ta kawo nono a cikinta, da akushin da maƙerin Abzinawa ya sassaƙa, da tukunyar da aka sayo a kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, da kwanon da ya fito daga Kano.

Ƙwarya

Ƙwarya ita ce mafi daɗewa. Daga duma ake samun ta: a bar shi ya ƙosa ya bushe, a fafe, a kankare ciki. Kowane girma da sunansa da aikinsa. Masaki shi ne babba, na aikin biki da ɗaukar hatsi. Ƙoƙo ƙarami ne, na shan ruwa da ba yaro kunu. Ludayi na shan fura ne, wadda a Kurfai ake ce wa hura. Mara ɓallin ƙwarya ne da ake kwasar tuwo da shi. Gora na matafiyi ne da makiyayi, shi ya sa ake cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Murfin ƙwarya shi ne faifai, wanda mata ke saƙawa da kaba, wani lokaci da rini ja da baƙi.

Ana yi wa ƙwarya zane ta hanya biyu: ko a sassaƙa da wuƙa, ko a ƙona da ƙarfe mai zafi. Wadda ta fashe ba a jefar da ita. Akwai mai sana'ar ɗinke ta, shi ne gyartai, yana huda gefen tsagar ya ɗaure da zare ko jijiyar kaba. Ƙwarya mai ɗinki biyu ko uku shaida ce ta cewa mai ita ta ɗauke ta da daraja.

Wurin Filani, musamman Wodaɓe, ƙore su ne dukiyar mace. Akwai na aikin yau da kullum, akwai kuma na ado da ba a zuba kome a ciki, waɗanda ake fitarwa a jera lokacin taro. Kurfai ƙasar nono ce: tashar kiwon shanun Azawak ta Tukunus, wadda ke aiki a wurin tun 1954, tana kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, kuma yankin ya yi suna da cuku.

Ƙwarya ba ta tsaya ga abinci ba. Da ita ake yin goge, ita mata ke kaɗawa a biki da wasan bori. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin a Shikal ta ƙasar Kurfai ne wata mata mai suna Shibo ta fito da iskokin Babule wajen 1925, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, har hukumar Nasara ta kama mabiyanta.

Akushi

Akushi kwano ne na itace, ana sassaƙa shi daga gungume guda, babu haɗi. Masassaƙa kan zaɓi itace irin su ɗanya da maɗaci da ƙirya, su ƙona bayansa har ya yi baƙi, su shafe shi da mai. Yana riƙe zafin tuwo, ba ya tsatsa, kuma idan ya faɗi ba ya saurin fashewa. Daga nan karin maganar nan ta fito: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

A ƙasar Hausa akushi na maigida ne da baƙo. Da shi ake kai tuwo zaure ko ƙofar gida wurin ciyayya, inda maƙwabta ke haɗa abincinsu su ci tare bayan magariba. Girman akushin gida yana nuna yawan bakin da ake ciyarwa a can da. Abzinawa na da nasu manyan akusa na nono da cokulan itace masu zane, aikin maƙeransu da ake kira inadan, waɗanda ke haɗa ƙira da sassaƙa. Idan akushinsu ya tsage sukan kama shi da ƴan ƙarafa na tagulla ko farin ƙarfe, gyaran ya zama ado.

Sassaƙar akushi ta ja baya. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a Sahel, jami'an gandun daji suna sa ido a kan sarar manyan itatuwa, kwanon kanti kuma ya fi araha. Saboda haka tsohon akushi mai faɗi yana ba da labarin irin itatuwan da ke tsaye a dajin lokacin da aka sare shi.

Tukunya, ta ƙasa da ta ƙarfe

Tukunyar tuwo da ta miya, da kasko, da tulu, da randa, duka daga yumɓu ake gina su, kuma a yammacin Nijar aikin ya fi yawa a hannun mata. Garin Bubon, a bakin kogi kusa da Yamai, ya shahara da shi. Randa da tulu sun fi sauran tsawon rai a gidaje, domin ruwa yana tsattsafowa ta jikinsu ya bushe, abin da ke ciki ya yi sanyi ba tare da lantarki ba.

Wurin girki kuwa tukunyar alminiyam ta kori ta ƙasa. Binciken masana ya nuna cewa sana'ar narka tsohon alminiyam a zuba shi cikin yashi ta fara a Senegal wajen shekarun 1940, matafiya da ƴan ci-rani suka yaɗa ta a Afirka ta Yamma. A Yamai kasuwar Katako ce cibiyarta: da tsofaffin gwangwanaye da kayan mota ake yin tukwane, kowacce da lambar girmanta a jiki ko a murfi. Babbar tukunyar biki sau da yawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta ƙungiyar mata ce ko ta dangi, ana ara ana mayarwa, kuma jerin gidajen da ta shiga shi ne jerin aure da suna na unguwar.

Kwano da jere

Kafin kwanon kanti akwai tasa ta tagulla, aikin maƙeran Bida da Kano, wadda sai a gidan sarauta da na attajirai ake gani. Kwano mai fenti, wato ƙarfe da aka lulluɓe da garin gilashi aka gasa a wuta mai zafin kusan digiri 800, ya shigo ta kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA. Na farko daga Turai suka zo, Cekoslobakiya na cikin manyan masu yin su, daga baya Hong Kong da Sin suka cika kasuwa. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas, an kuma yi masana'antar kwano a Kano. Daga nan kaya ke hawowa ta Ƙonni da Gaya da Maradi.

Hanya ta biyu ita ce ta ci-rani. Harajin da Nasara suka ce a biya da kuɗinsu, da aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946, sun tura samarin yammacin Nijar zuwa Kumasi da Akara da biranen Nijeriya. Fim ɗin Jean Rouch mai suna Jaguar, wanda ya fito a 1967, wannan tafiya ya nuna. Mai dawowa yakan zo da tsaraba, tufa da kwano na cikin abin da ake sa rai.

Mata ba su ɗauki kwano abin cin tuwo kawai ba. Langa mai murfi, da samira, da fanteka, da faranti, sun zama kayan ɗaki. Uwa takan fara tara wa ɗiyarta tun tana ƙarama, da kuɗin sana'a da adashi da gudummawar biki. Ranar jere dangin amarya ke shirya su bisa juna, babba a ƙasa ƙarami a sama, a kan kanta ko cikin kabad, ƴan kallo su shigo su ƙirga. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta yi bayanin matsayin kayan ɗaki a littafinta kan aure a Maradi, wanda ya fito a 1997.

Abin lura a nan shi ne mallaka. Kayan ɗaki na mace ne, ba na miji ba. Idan aure ya mutu da su take fita. Idan rashin lafiya ko yunwa ta zo, tana iya cire saiti ɗaya ta sayar. A wurin da banki yake nesa, jere shi ne ajiyar mace. Wanda ya ga giɓi a tsohon jere, saiti mai biyar ya koma uku, ya tambayi shekarar da aka sayar da biyun. Sau da yawa amsar takan faɗa kan shekarar da kowa ya sani.

Tiya da gwangwani

Kwano ɗaya ya bar ɗaki ya koma kasuwa ya zama ma'auni, shi ne tiya. Tiyar hatsi tana kai kimanin kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Da farashin tiya talaka ke auna shekara. Tsohuwar tiya da aka bubbuge gindinta ko aka rage bakinta tana da nata labarin game da amana a kasuwa.

Yankin Filinge ya sha yunwa sau da dama. Ta 1931, wadda fara ta haddasa kuma karɓar haraji ya tsananta, ta yi wa yammacin Nijar mummunar ɓarna. Ta 1953 zuwa 1954 a ƙasar Hausa an yi mata laƙabi da Muda, daga sunan ma'aunin hatsi. Ta 1984 ana ce mata El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a watan Afrilu na shekarar. Sai kuma matsalar abinci ta 2005.

Kayan agaji sun bar shaidarsu. Gwangwanin man girki na taimakon Amurka, mai hoton hannu biyu suna gaisawa, bai ƙare a juji ba. An yi guga da shi, an yi ma'auni, maƙera sun yanka sun yi mazurari da fitila da murfi. Idan rubutun jikinsa bai goge ba, yana iya nuna lokacin da abinci ya yanke a gidan.

Shayi, aikin hajji da soja

Shayin da ake dafawa sau uku a kan ɗan murhun waya ganyen Sin ne, ya ratso Sahara ta hannun Larabawa da Abzinawa kafin ya zama abin zaman fada na matasa. Kayansa su ne ƴar buta mai fenti, galibi shuɗiya, da ƙananan kofunan gilashi, da tire. A gidajen tsofaffin ma'aikata ana samun kofunan Duralex na Faransa, sunan da ya fito a 1945. Lambar da ke gindinsu ba shekara ba ce.

Alhazai sukan dawo da tire mai hoton Ka'aba ko masallacin Madina, da ƴan kofunan shan zamzam, da buta mai dogon baki. Irin wannan kaya yakan zauna a gida a matsayin shaidar shekarar da kaka ya sauke farali. Tsofaffin sojan Faransa da suka yi yaƙin duniya na biyu, ko Indosin, ko Aljeriya, wasunsu sun dawo da kwanon soja da kofin alminiyam. Soja kan karce sunansa ko lambarsa a jiki, kuma da lamba ana iya neman takardunsa.

Yadda ake gane shekarun kaya

Abu na farko shi ne a kife kwano a duba gindi.

Idan an rubuta "Made in Czechoslovakia", an yi shi kafin 1993, domin ƙasar ta rabu biyu a ƙarshen 1992.

Idan an rubuta "West Germany", tsakanin 1949 da 1990 ne.

Idan akwai sunan Gold Coast, kafin 1957 ne, shekarar da ƙasar ta zama Gana.

Idan tambarin masana'antar Nijeriya ne, mafi yawa daga 1960 zuwa sama ne.

Tire ko kofi mai hoton shugaba ko na wani biki yakan zo da shekararsa a rubuce.

Nauyi ma alama ce: tsofaffin kwanoni sun fi kauri, fentinsu ya fi zurfi. Amma a tuna shekarar da aka ƙera kwano daban take da shekarar da ya shigo gida. Ƙwarya da akushi ba su da tambari, sai a bi ta ƙirgen aure: idan na kakar uwa ne, kuma an san yunwa ko sarkin da aka yi aurenta a zamaninsa, an samu kusan shekarar. Tambayoyi huɗu sun isa: na wa ne tun farko, wa ya ba ta, daga wace kasuwa, a wane biki.

Abin da ke cinye su

Na farko sauyin kasuwa ne. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje sun yi tsada, roba da silba masu araha suka samu wuri. Yau amarya kula take so da tangaran da gilashi, ana ganin kwano mai fenti kayan tsofaffi ne. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna zagaya gari suna auna tasa da tukunya da kilo, ko su musanya da bokitin roba.

Na biyu dillalan kayan tarihi ne. Jihar Tilaberi ta riga ta ga misali. A Bura, cikin yankin Tera, an gano tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, masanin Nijar Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983, daga baya masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka wawashe wurare masu yawa aka fitar da kayan Turai da Amurka. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta ranar 30 ga Yunin 1997. Akushi da cokalin Abzinawa su ma suna da masu saye a waje, kuma da zarar kaya ya bar gida ba tare da sunan mai shi ba, ya zama abin ado kawai.

Na uku rashin tsaro ne. Tun 2012 Abala ke karɓar ƴan gudun hijirar Mali, kuma hare-haren da suka biyo baya a arewacin jihar sun tayar da ƙauyuka da dama. Mai gudu da dare tukunya ɗaya take ɗauka da tabarma. Randa da akushi da jere suna zama a baya.

Yadda za a adana

Ƙwarya tagari tana ragaya, in ji Hausawa, kuma maganar gaskiya ce: a rataye ta inda gara da ɓera da danshi ba za su kai ba. Akushi a riƙa shafa masa man gyaɗa ko man shanu kaɗan, kada a bar shi a rana ko a jiƙa shi cikin ruwa. Kwano mai fenti a wanke da sabulu da tsumma, ban da yashi da soson ƙarfe, a shanya ya bushe sarai. Wanda fentinsa ya ɓamɓare a ciki a daina cin abinci da shi, musamman mai tsami irin kunun tsamiya, domin wasu tsofaffin fenti ja da rawaya suna ɗauke da dalma ko wani ƙarfe mai guba. Kada a sake wa tsohon kaya fenti, kada a goge tambarin gindi.

Mafi muhimmanci shi ne labarin. Duk mai wayar salula yana iya ɗaukar hoton kaya, sama da gindi, ya naɗi muryar tsohuwar da ta san shi, ya tura wa dangi biyu ko uku don kada ya ɓata da waya ɗaya. Ɗan makaranta yana iya rubuta amsoshin tambayoyin nan huɗu a takarda ya saka cikin kwanon. Lokacin rabon gado, dangi na iya keɓe abu ɗaya ko biyu a bar wa wadda za ta riƙe.

Wanda ke son shawara yana iya zuwa gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, inda aka baje kayan gida na al'ummomin Nijar, ko cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni. Malaman makaranta da gidajen rediyon gari su ma suna iya tattara irin wannan labari unguwa-unguwa, tun matan da suka yi jeren shekarun 1960 da 1970 suna raye suna iya faɗin wane kwano ne ya zo daga Kumasi, wanne ne aka saya bayan an sayar da akuya.